Karate a cikin keji

Yara, akwai wata gardama da ba ta ƙarewa tsakanin ƴan makaranta. Wani ya ce karate ya fi kowane wasan faɗa a duniya. Wani ya ce ƙarya ne, karate rawa ce kawai ta masu fararen tufafi, ɗan kokowa ɗaya ya ishe su su goma. In gardama ta yi zafi sai a aro salular wani babba, a nuna wasan nan da ake yi cikin keji, a ce: «To, ina ɗan karate a nan?» Ku lura, karate na ce, ba karatu ba. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma na farkon ba da alli da allo ake yin shi ba.

Ni na yi shekaru ina karate, har gobe kuma ina son shi. Ke nan ina da gefe cikin gardamar, ban ɓoye muku ba. Amma son abu bai hana a faɗi gaskiyarsa. Ga abin da na gani, ga kuma abin da na sani.

Wasan da ake yi cikin kejin nan, Turawa na kiran shi da haruffa uku, MMA. Ma'anarsu gaurayen wasannin faɗa. Mu bari mu ce masa damben gauraye. Mutum biyu ne ke shiga fili da aka kewaye da ragar ƙarfe. Kejin da aka fi sani yana da kusurwa takwas, faɗinsa wajen metir 9. An yarda a yi naushi, a yi shuri, a kai gwiwa, a kai gwiwar hannu. An yarda a kama mutum a kada shi. Ga inda ya rabu da kokowarmu: a wurinmu in an yi kaye an gama, makaɗa su ɗauki kiɗi, wanda aka kayar ya tashi ya kakkaɓe rairayi. A can kuwa kaye somin taɓi ne. Ana bin mutum har ƙasa, a danne shi, a murɗe masa hannu ko a maƙure shi, sai ya bubbuga da tafinsa, alamar ya sallama. Turmi ɗaya minti 5 ne. Ana yin turmi 3, in wasan kambu ne a yi 5. Akwai alƙalin wasa, akwai likita, ana kuma auna nauyin kowa. An hana cizo da tsone ido da karo da kai.

Karate kuwa daga wani tsibiri ya fito mai suna Okinawa, can kudancin Japan. Ma'anar kalmar hannu wofi, wato hannun da ba makami. Mutanen tsibirin sun daɗe suna koyon shi a gida, malami ɗaya da almajirai ƴan kaɗan. A farkon shekarun 1900 wani dattijo, Anko Itosu, ya sa aka shigar da shi cikin makarantun boko na tsibirin. Almajirinsa Gichin Funakoshi, wanda shi ma malamin makaranta ne kamar malaminku, ya kai shi birnin Tokiyo a 1922. Daga can ya bazu har ya iso mu.

Ku riƙe wannan zance na makaranta, za ku ga amfaninsa. Abin da za a koya wa yara ɗari a jere cikin fili, tilas a rage masa kaifi. Ba malamin da ke son ɗalibinsa ya koma gida da karyayyen hannu. Da aka fara gasa kuma sai aka yi doka: ka kai naushi, amma ka tsai da shi daf da jikin abokin wasanka, ko ka taɓa shi kaɗan. Alƙali ya tsai da wasa, ya ba ka maki, kowa ya koma wurinsa, a sake farawa. A 1964 wani malami, Masutatsu Oyama, ya kafa reshen da ake kira Kyokushin, inda ake bugu da gaske har mutum ya faɗi. Amma su ma sun hana naushi a fuska, kuma in an faɗi ba a bin mutum ƙasa.

To, ran 12 ga watan Nuwamba 1993, a birnin Denba na Amurka, wata ƙungiya mai suna UFC ta tara mutum takwas, kowa da irin wasansa. Tambayar da ake son amsawa ita ce taku: wane wasa ya fi? Ba awon nauyi, ba maki, dokoki ƴan kaɗan. Wasan farko an haɗa Gerard Gordeau, wani dogon mutumin Holan da ya daɗe yana Kyokushin, da wani ɗan sumo mai suna Teila Tuli, mai nauyin fiye da kilo 180. Sakan 26 kawai aka yi. Ɗan sumo ya rugo, ya faɗi jikin raga, Gordeau ya shure shi a baki, haƙori ya yi tsalle. Mai son karate da ya kalli wannan sai ya gyara zama.

Gordeau ya kai wasan ƙarshe. Can ya tarar da wani siririn saurayi ɗan Birazil, Royce Gracie, mai kilo 80 ko kusa da haka, sanye da farin kimono. Wasansa jiyu-jitsu, wato kokowar ƙasa da murɗiya da maƙura. Ya kama Gordeau, ya kada shi, ya hau bayansa, ya zagaya hannu a wuyansa. Ba a cika minti 2 ba aka gama. Mutum uku saurayin nan ya ci a dare ɗaya, dukansu a ƙasa, cikin wajen minti 5 in an haɗa. A watan Maris 1994 ya sake yi wa wani ɗan karate na Japan, Minoki Ichihara, irin wannan aiki. Daga nan sunan karate ya zube. Aka yi shekara fiye da goma, in ka ce kai ɗan karate ne cikin masu damben gauraye sai a yi maka murmushi irin na tausayi.

Ni ban ga waɗannan wasanni a lokacinsu ba, sai daga baya a kasat. Amma darasin bai zo mini baƙo ba, don na riga na gan shi a garinmu. Wata rana da kaka, wani saurayi ɗan kokowa ya shigo gari daga ƙauye, ya tsaya bakin ƙofar ɗakin da muke horo yana dariya. Malaminmu ya ce masa: «Samari, bismilla, shigo.» Ya haɗa shi da babban ɗalibinmu mai baƙar ɗamara, bisa sharaɗin ba bugun fuska, ba mugunta. Namu ya shiga kamar walƙiya, ya taɓa shi a ciki sau biyu, ya tsaya cak yana jiran a ce maki. Ɗan kokowa bai san da wani maki ba. Ya rungumo ƙugunsa, ya ɗaga shi, ya shimfiɗe shi kamar tabarma. Muka yi tsit.

Malam ya ce a sake. Wannan karo namu bai tsaya ba. Ya taɓa, ya ja baya, ya kewaya hagu, ya sake taɓawa, ya kewaya dama. Ɗan kokowa ya yi ta cafkar iska har ya fara haki, dariyar ma ta ɗauke. Sai da namu ya manta, ya yi baya-baya har bayansa ya taɓa bango, sannan aka sake kama shi. Malam ya dube mu ya ce: «Kun gani? Naushinsa bai sake ba. Ƙafarsa ce ta sake.» Baƙon ya ce: «Malam, yaronka zomo ne, amma ko zomo in ya iske danga ya tsaya.» Muka yi dariya duka, aka kawo ruwa aka sha.

Abin da Malam ke nufi da ƙafa shi ne tazara. A ganina ita ce babbar dukiyar karate, ba karya bulo da hannu ba, ba kuma ihun nan da kuke kwaikwayo a filin makaranta ba. Ɗan damben Turawa yana tsayawa kusa da abokinsa, hannuwa a fuska, in ya miƙa hannu ya kusa taɓa shi. Ɗan karate na gasa yana tsayawa taki ɗaya nesa da haka. Yana karkata jiki gefe, ya buɗe ƙafafu, ɗaya gaba ɗaya baya, nauyinsa bisa yatsun ƙafa, yana ɗan tsalle-tsalle. Tunda a gasarsu wanda ya riga taɓawa shi ke da maki, ya yi shekaru yana koyon abu ɗaya: ya ƙetare wannan taki kafin abokinsa ya ƙifta ido, ya taɓa, ya fita. Kamar shaho ne da ɗan tsako. Ba ya sauka ya yi ta fama a tsakar gida, faɗowa ɗaya yake yi.

Malam yakan ja mana layi biyu da alli a ƙasa, kowa ya tsaya bayan nasa. Ba a kai naushi, ba a kai shuri. Aikinka kawai in abokinka ya matso taki ɗaya ka ja taki ɗaya, in ya ja ka matsa, tazarar nan kada ta ƙaru, kada ta ragu. Mukan yi rabin awa muna haka. Ƙananan ɗalibai sukan ƙosa, wasu ma daga nan suke barin zuwa. Amma wanda ya daure yakan sami wani ido. Yakan gane daga kafaɗar mutum, ko daga yadda ya danna ƙafar baya, cewa ga shi nan tafe. A nan ne tarko yake. Wanda ke son ya iso ka tilas ya yi taki, kuma lokacin da ƙafarsa ke sama ba ya iya kaucewa. In ka tarbe shi da naushi a daidai wannan lokaci, ƙarfinka da nasa ne suka haɗu a haɓarsa, kamar raguna biyu da suka yi karo.

Mutumin da ya kai wannan dabara cikin keji har duniya ta gani shi ne Lyoto Machida. An haife shi a Birazil a 1978, ya girma a birnin Belem, kusa da bakin kogin Amazon. Ubansa Bajapane ne, malamin karate na reshen Shotokan, wato reshen Funakoshi. Yaron ya fara karate yana ɗan shekara 3, ya ɗaura baƙar ɗamara yana da 13. Amma ku saurara da kyau, bai tsaya nan ba. Tun yana yaro ya shiga sumo, inda ake koyon kafe ƙafa kada a ture ka. Da ya zama saurayi ya koyi jiyu-jitsu, wasan su Gracie. Sannan ya shiga UFC a 2007.

Da farko ƴan kallo ba su so shi ba. Suna yi masa ihu, suna cewa gudu yake yi. Su sun biya kuɗi su ga jini, shi kuwa yana can nesa yana kewayawa, hannuwa a ƙasa, abokin karawarsa na ta naushin iska. Amma turmi na ƙarewa sai a ga fuskarsa fes, ta ɗayan ta kumbura. In an kama shi kuma ba ya kaduwa da sauƙi, sumo ya yi masa rana. Sau da yawa ma shi ke taɗe mutum, irin taɗiyar da ake koyo a karate, a share ƙafar gaba lokacin da take shirin sauka. A watan Janairu 2009 ya taɗe Thiago Silva, ya bi shi da naushi, saura sakan ɗaya turmin farko ya ƙare. Ran 23 ga watan Mayu 2009, a birnin Las Begas, ya kara da Rashad Evans, mai riƙe da kambun ƴan kilo 93, wanda ba a taɓa cin shi ba. A turmi na biyu Evans ya sulale jikin raga a sume. Machida ya karɓi makirfo ya shaida wa duniya cewa karate ya dawo. Mu da ke nesa, da labari ya iso mu, sai ka ce ɗan unguwarmu ne ya ciyo takobi.

Akwai wani dalili da ya sa tazara ke da tsada a cikin keji, wanda ba kowa ke lura da shi ba: safar hannu. Ta damben Turawa babba ce kamar matashin kai, nauyinta ya kai giram 230 zuwa 280. In ɗan dambe ya haɗa biyu a fuskarsa ya yi garkuwa. Ta damben gauraye ƙarama ce, wajen giram 110, yatsu a waje don a iya kamu. Ba ta rufe fuska. Naushi na kutsawa ta tsakiya, na kuma zagayowa ta gefe. Saboda haka wanda ya saba kare kansa da ƙafa, wato da rashin kasancewa a wurin da naushi zai sauka, ya fi wanda ya saba karewa da hannu kwanciyar hankali.

Sai dai murnarmu ba ta yi tsawon rai ba. Wani ɗan Birazil, Mauricio Rua, gwanin damben Tailan, ya zauna ya yi nazarin tsayuwar Machida, ya ga ƙofa. Mai buɗe ƙafafu haka, ƙafarsa ta gaba tana can waje ita kaɗai, kamar kan akuyar da ta leƙo ta danga. Kansa na nesa, amma cinyarsa na kusa. Ƴan damben Tailan suna tsuke ƙafafu don su iya ɗaga ƙwauri su tare shuri, shi kuwa kafin ya ɗaga an riga an sauke masa. A watan Oktoba 2009 Rua ya yi turmi biyar yana saran cinya da haƙarƙarin Machida. Alƙalai suka ba Machida, ƴan kallo suka yi ta ihu. Ni mai son karate ne, amma da ni ne alƙali a ranar da Rua na ba. Aka sake haɗa su a watan Mayu 2010 a Kanada. Wannan karo ba a nemi alƙalai ba, a turmin farko Rua ya sumar da shi. Kambun bai cika shekara a hannunsa ba.

Daga baya ma an ƙara gano wani shuri da ya fi wannan cuta, wanda ake kaiwa a sha-raɓa, ƙasa da gwiwa. Akwai jijiya a wurin. In an same ta sau uku ko huɗu sai ƙafa ta ƙi jin magana. Wanda duk dukiyarsa ƙafa ce, in ƙafa ta tafi me ya rage masa?

Ga kuma dangar da ɗan kokowar nan ya faɗa. A filin karate in ka fita layi alƙali ne ke tsai da wasa, ku dawo tsakiya. A keji ba fita. A watan Disamba 2011 Machida ya kara da Jon Jones. A turmin farko ya wahal da shi ƙwarai, ya shiga ya fita, har ya girgiza shi da naushi. A turmi na biyu Jones ya kada shi, ya tsaga masa goshi da gwiwar hannu, daga baya ya matse shi jikin raga, ya maƙure shi a tsaye. Da aka sake shi sai ya zube kamar buhu. Ba abin kallon daɗi ba ne. Shi ya sa nake cewa wannan wasan manya ne da ke da likita a gefe, ba na bayan aji ba. Bugun kai yana taɓa ƙwaƙwalwa, wani lahanin ma sai bayan shekaru yake fitowa.

Duk da haka kada ku ce an binne karate. Wata takwas kafin wannan, a watan Afrilu 2011, a birnin Toronto, gaban mutum wajen 55.000, Machida ya kara da Randy Couture, tsohon gwanin kokowa da ya sha riƙe kambu. Ya yi kamar zai ɗaga ƙafar hagu, ya yi tsalle, ya miƙe ta dama tsaye har haɓar Couture. Wasa ya ƙare nan take. Shurin gaba ne, wanda ake koya wa sabon ɗalibi a makon farko, wanda mutane da yawa suka ce ba shi da amfani sai a silima. A 2012 kuma Ryan Bader, wani ƙaƙƙarfan ɗan kokowa, ya gaji da bin shi, ya rugo da ƙarfi. Naushi ɗaya ya tarbe shi. In kuna son ganin karon ragunan da na faɗa muku, wannan wasa za ku nema.

Amma ni wanda ya fi ba ni mamaki ba Machida ba ne. Georges St-Pierre ne, mutumin Kebek a Kanada, inda ake jin faransanci kamar yadda kuke koyo a aji. An haife shi a 1981. Yana ɗan shekara 7 ya fara Kyokushin, saboda manyan yara na cin zalinsa a makaranta. Ya girma ya riƙe kambun ƴan kilo 77, ya kare shi sau 9 a jere tsakanin 2008 da 2013. In kun kalle shi ba za ku ce ɗan karate ba ne, don da kaye aka fi sanin shi. Kaye 90 ya yi a wasanninsa na UFC. Ya kada mutanen da suka tashi cikin kokowa tun suna yara, irin su Josh Koscheck, alhali shi sai da ya girma ya koye ta. Da aka tambaye shi sirrin, ya sha faɗin cewa daga karate ya samo shi. Tsallen nan da ɗan karate ke yi ya ƙetare taki ya taɓa ciki, shi ne ya mayar na kamun ƙafa. Ya nuna maka naushi a fuska, ka ɗaga hannu, kafin ka sauke ya riga ya rungumi cinyoyinka. Takin ɗaya ne, abin da ke ƙarshensa ne ya sake.

Wannan ne ya sa in an tambaye ni matsayin karate a damben gauraye nake cewa a ƙafa yake, ba a hannu ba. Ban san ɗan karate ko ɗaya da ya ci kambun UFC da karate tsura ba. Duk wanda ya yi nisa sai da ya durƙusa gaban malamin kokowa da malamin jiyu-jitsu. Stephen Thompson na Amurka, wanda ubansa ya fara koya masa karate yana ɗan shekara 3, ya shigo a 2012 ya sumar da mutum da shuri a kai. Wasa na biyu Matt Brown ya yi ta kada shi yana danne shi har aka tashi. Ya koma ya koyi tsare kaye, sannan ya hau har ya nemi kambu: ya yi kunnen doki da Tyron Woodley a 2016, aka ci shi da ƙyar a 2017. Kyoji Horiguchi na Japan, ɗan Shotokan mai saurin tsiya, ya nemi kambun ƴan kilo 57 a 2015. Demetrious Johnson ya yi ta kada shi, ya murɗe masa hannu, ya sallama saura sakan ɗaya wasan minti 25 ya ƙare. Shi ma ya koma ya ƙara ilimi, ya ciyo kambu a Japan da Amurka cikin wasu ƙungiyoyi.

Abin da ke cutar ɗan karate in ya shiga keji ba rashin ƙarfi ba ne. Sabo ne. Ya saba tsai da naushi, ya saba jiran alƙali bayan taɓawa ɗaya, ya saba barin haɓa a sama don ba a taɓa bugun ta da gaske ba. Ga misalin nisan da ke tsakanin gidajen biyu. A 2021 aka yi karate a wasannin Olimpik na Tokiyo, karo na farko. A wasan ƙarshe na manya, Tareg Hamedi na Saudiya yana gaba da maki 4 da 1. Ya kai wa Sajad Ganjzadeh na Iran shuri a sama, ɗan Iran ya faɗi a sume, aka fitar da shi bisa gadon ɗaukar majinyata. Alƙalai suka yi shawara, suka ce shurin ya wuce ƙa'ida. Aka ba wanda ya suma lambar zinariya, wanda ya yi shurin ya tashi da ta azurfa. Mutane da yawa sun yi dariya. Ni ban yi ba. Dokar gidansu ke nan, kuma saboda irin wannan doka ne uwa ke yarda ta kai ɗanta ɗan shekara bakwai ɗakin karate. Amma a keji shurin nan shi ne da kyautar dare.

Saura zancen kata, wato jerin motsin nan da ɗan karate ke yi shi kaɗai, wanda abokanku ke kira rawa. A nan ina rabuwa da wasu ƴan'uwana ƴan karate, masu cewa duk amsa na cikin kata. Mutum ba ya koyon iyo a tudu. Wanda bai taɓa jin nauyin ƙato a ƙirjinsa ba, ko ya yi kata dubu ba zai san yadda ake zamewa ba. Amma ina rabuwa kuma da masu cewa kata wofi ce. Ku dubi hannun nan da ake ja zuwa ƙugu lokacin da ɗayan ke naushi. Masu damben Turawa na yi mana dariya a kansa, suna cewa mun bar fuska a buɗe. Funakoshi da kansa ya bayyana cewa hannun nan ba wofi yake dawowa ba: kamo hannun abokin gaba yake yi, ya murɗa, ya jawo shi cikin naushin. A littafinsa na 1935 ma ya nuna kaye iri tara, da hotunansu. Ashe tsofaffin Okinawa sun san kamu, sun san kaye. A hanyar makaranta da gasa ne kayan suka zube, aka iso da naushi da shuri kawai.

Tsibirin ma yana da kokowarsa ta gargajiya, ana ce mata tegumi. Funakoshi ya ba da labarin yadda suke yin ta suna yara, a fili, kamar yadda kuke yi a dandali da farin wata. Ana farawa da ture-ture, a kai ga kamu da kaye, a ci gaba a ƙasa ana danne juna. Wani yaro ne ke tsayawa alƙali, don akwai masu taurin kai da ba su san sallamawa ba. Wanda ya ji ba ya iyawa kuma, sai ya bubbuga jikin abokinsa da tafin hannu, a sake shi.